Neman shawara: rigakafin kwikwiyo, ta ina zan fara?

Ɗan Kofar Marusa:
Slm 'yan uwa. Wani mafarauci ne ya ba ni kwikwiyo, sati bakwai da haihuwa, na karɓa ne don gadin awakina saboda ɓarayi sun dame mu a unguwa. To yanzu na ji 'yan uwansa biyu da suka rage wajen mutumin sun mutu, amai da zawo da jini kawai, ba su ɗau kwanaki ba, shi ne hankalina ya tashi ga yara kullum suna nan tare da shi. Wani ya ce in sayi allura a kasuwa in yi masa da kaina. Dan Allah mi kuka gani?

Mafaraucin Daura:
Wslm. Malam wanga zawon da jini mun san shi sarai, fabo likitoci ke ce masa, ƙananan karnuka yake kwashewa. Kada ka sake kai shi gidan mutumin nan ko ka bar shi yana yawo cikin karnukan layi, cutar tana zama cikin ƙasa wata da watanni, har a takalmi ana ɗauko ta. Tunda uwarsu ɗaya ka sa masa ido sosai, in ya ƙi cin abinci ya lafe waje ɗaya kada ka jira gobe.

Likitan dabbobi:
Gaskiya ya faɗa maka. Batun sayen allura a kasuwa kuwa ka bar shi, maganin rigakafi sai a firij yake zama, in ya sha zafin shago ga ba wuta to ya lalace, ka yi masa kana ganin ka kare shi alhali ruwa ka zuba masa. Ka kai shi asibitin dabbobi a duba shi tukuna don ba a yi wa marar lafiya rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki. Allurar farko ita ce DHLPP, tana haɗa fabo da distemfa da ciwon hanta da wasu, ana farawa daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16. Mutanenmu sai su yi guda ɗaya su ce an gama, nan ake asara wlh. Ta haukar kare daban take, in ya cika wata 3 ake yi, sai a riƙa sabuntawa duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato ma tana haɗa ta. Ka karɓi kati ka adana.

Baban Yara:
Ni dai ajiye kare a gida bai kwanta min ba.

Mafaraucin Daura:
Baba na gadin dabbobi da na farauta da na gona malamai sun halatta, ya dai yi masa wurinsa kusa da garke, kwanonsa daban.

Maman 'yan biyu:
Dakta ni yaran ne damuwata. In ya ciji yaro kafin a yi masa ta haukar fa?

Likitan dabbobi:
Hajiya nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kada a tsaya shafa toka ko wani magani na gida, a wuce asibitin mutane a ranar don a fara allura. Ko yaƙushi ne haka za a yi. Karen kuma a ɗaure shi a lura da shi kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a kai yaro, don cutar nan in alamunta suka bayyana kusan ba mai tashi.

Ɗan Kofar Marusa:
Ngd sosai Allah ya saka. Yana da kaska a kunne ma, duk zan nuna masu gobe da safe in sha Allah.