Adafta a gaban Land Cruiser 79 don ta ɗauki jantin Canter: kauri nawa?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum, masana. Land Cruiser 79 ce mai injin 1HZ, tana jigilar aya da wake daga kasuwannin Chadawa da Agye zuwa Maradi, wani lokaci har Ɗan Isa. Niyya ita ce a yi mata taya bibbiyu a baya da janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, na Canter, motar ɗaukar kaya ta Mitsubishi, mai rami 6, taya 7.50R16. To sai ga matsalar gaba: idan aka bar jantin asali mai rami 5, dole a riƙa yawo da safaya iri biyu. An ce akwai adafta da ake ɗaurawa a kan hob na gaba, wato cibiyar da ake ɗaure janti a kai, don ya karɓi jantin Canter. Kaurinsa nawa ya kamata? Zai ci boris? Makullin hob da ake murɗawa da hannu don tayoyin gaba su ja fa, ba zai rufe shi ba? Allah ya saka da alheri.

Makaniken Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Da fari dai, kowa ya gane taya ɗaya ce za ta zauna a kowane gefen gaba. Taya biyu a gaba ba zance ba ne, sitiyari ba zai murɗu ba.

Abin da ya sa ake bukatar adaftan shi ne siffar jantin. Jantin da aka yi don a haɗa shi bibbiyu, fuskarsa da ake ɗaurewa ta fito can waje, nesa da tsakiyar taya, don in an juya biyu fuska da fuska tayoyin su bar rata. Idan ka ɗaura shi kai tsaye a hob na gaba, tayar za ta nutse ciki ta dafe kalifan birki da kan sandar sitiyari. Aikin adafta kawai ya maido tsakiyar tayar inda Toyota ta ajiye ta tun farko.

Don haka kauri ba a cankarsa, aunawa ake yi. Kwantar da jantin asali a ƙasa, bayansa na sama, ka gitta ƙarfe miƙaƙƙe a bakinsa, ka auna daga ƙarfen zuwa fuskar da ke taɓa hob. Ka auna faɗin jantin duka, baki zuwa baki, ka raba biyu, ka cire daga awon farko. Abin da ya saura shi ne nisan fuskar daga tsakiya. Ka yi wa jantin Canter haka shi ma. Irin masu rami 6 na inci 16, yawanci za ka samu tsakanin 115 da 127 mm, kuma sau da yawa an buga lambar a jikinsa. Bambancin awon biyu shi ne kaurin adafta. A ce na Canter ya ba ka 127, na asali ya ba ka 30, to adaftanka 97 mm ne.

Maganar boris, nan mutane ke ruɗewa. Suna ganin ƙarfe mai kaurin kusan santimita 10 sai su ce boris ya mutu. Boris bai san kaurin adafta ba, abin da ya sani shi ne inda taya ta taka ƙasa. In tsakiyar taya ta koma gurbinta, nauyin da ke kan boris biyu na hob bai sauya wuri ba. Amma in ka ƙara 30 ko 40 mm don mota ta yi faɗi ta yi kyan gani, nauyi ya karkata kan ƙaramin boris na waje, boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansu sama da ƙasa su ma su fara ci, kuma kowane rami sitiyari zai fizge hannun direba. Abin da ba makawa zai ƙaru shi ne nauyin ƙafar kanta. Ka ɗora tsohon janti a sikeli, ka ɗora sabo tare da adaftansa, ka ga bambancin. A kan laterit, wato hanyar burji, mai ƙunya-ƙunya wannan nauyin shi ke gajiyar da amortisa, wato shokozoba, da wuri.

Awon da za ka ba mai yin aikin: gefen mota, rami 5 a da'irar 150 mm, bulon M14 mai tiredi 1.5, ramin tsakiya 110 mm, kuma ya shiga hob cif ba wasa. Gefen janti, rami 6 a da'irar 222.25 mm. Mai Hilux ko tsohuwar 75 kada ya kwafi wannan, nasu rami 6 ne a 139.7, bulon M12, tsakiya 106 mm. Adaftan da ke zuwa a jikin Ford F-350 mai taya bibbiyu kuwa rami 8 ne, na 170 mm ko 200 mm gwargwadon shekara, ba ya hawa Toyota ko ta halin ƙaƙa.

Makullin hob zai zauna cikin cikin adaftan. Ka tabbata hannu na shiga ya murɗa shi daga FREE zuwa LOCK ba tare da an nemi filaya ba.

Mai Injin Sassaƙa:

Maigida ya gama da awo, bari in ɗora kan ƙirar, domin nan ake yin kisa. Abin da aka fi gani shi ne faranti biyu da guntun bututu a tsakiya, an bi su da walda. Kada ka yarda, Alhaji. Kowane juyin taya wannan wuyan yana lanƙwasa kaɗan ya dawo, tsaga kuma daga gindin waldar take farawa, ta ciki inda ido ba ya gani, ranar da za ta rabu ba sallama. Ban da haka zafin walda yana karkatar da faranti, tayar ta riƙa rawa. A sassaƙa shi daga dunƙulen ƙarfe guda, irin C45 wanda takardun Faransa ke kira XC48. Ƙarfen zubi ba ya cikin lissafi.

Akwai wata matsala da sai an zana a kwali ake ganinta. Notocin ciki suna nisan 75 mm daga tsakiya, bulon ɗin waje suna 111 mm. Soket ɗin da zai ɗaure na ciki faɗinsa ya kusa 30 mm, ke nan raminsa zai kai wajen 90 mm daga tsakiya. Bulon ɗin Canter mai kauri ne, wajen 20 mm, gefensa na ciki yana kusan 101. Naman da ya rage tsakani bai wuce 11 mm ba. Kuma da yake biyar da shida ba sa jituwa, duk yadda ka juya zanen sai wani rami ya matso kusa da wani bulon. Shi ya sa ba a rarake cikin gaba ɗaya. Ramuka 5 ake haƙawa daban-daban, a juya zanen har a samu inda mafi kusancin ya fi nisa, kusurwoyin ciki kuma a bar su da lanƙwasa, kada su yi kaifi. A huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku a gefe don ruwa da yashi su fita, in ba haka ba damina ɗaya laka ta cushe makullin hob.

Wajen ɗaurawa, a kankare tsatsa da fenti daga fuskar hob har ƙarfe ya fito fes. Ƙwayar yashi ɗaya a nan ta isa ta sa noti ya saki daga baya. Bulon a bushe, ba mai ba giris. Kowane noti ya ci aƙalla juyi 9 zuwa 10, a ɗaure su a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, a kai 209 Nm, awon da Toyota ta ba jantin ƙarfe a bulon M14. Wanda ba shi da sifana mai awo, wannan daidai yake da nauyin kilo 21 a ƙarshen sandar mita ɗaya. Yaro ya hau bututu yana tsalle ba awo ba ne, bulon yake miƙarwa. Kafin a sa janti, a kafa wani tsinken ƙarfe kusa da fuskar adaftan a juya hob: in rawar ta wuce kamar 0.2 mm a sauke a duba.

Notin waje na Canter ne za a yi amfani da shi, mai gindi zagaye, don shi ke daidaita jantin a tsakiya. Soket 41 yake ci, ƙarfinsa 440 zuwa 540 Nm. Bulon na gefen hagu tiredinsa na hagu ne, akwai L a kansa, kada a musanya gefe. Ramin tsakiyar jantin 164 mm ne, soket ba zai kai ga notocin ciki ba sai an cire taya. Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko a cire ta a sake ɗaure su, duk da wahalar.

Ɗan Bagalam:

Madalla, na gode ƙwarai. To in an yi haka duka, buhu nawa za a iya ƙarawa?

Direban Dakoro:

Alhaji, ka yi haƙuri, ko buhu ɗaya takarda ba ta ƙara maka ba. Duba gefen taya 7.50R16 mai 14PR, za ka ga 122/118. Ma'anarsa kilo 1,500 in ita kaɗai ce, kilo 1,320 in an haɗa ta da ƴar'uwarta. Tayoyi biyu na baya kaɗai, ɗaya a kowane gefe, sun ɗauki tan 3, alhali motar duka da kayanta abin da aka yarda mata bai wuce tan 3 da ƴan kai ba, yana rubuce a farantin jikinta. Ke nan ba taya ce ta gaza ba. Pon na baya (ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu), lam (sifirin), shasi da birki duk suna nan yadda suke, kuma birkin ne zai tsayar da ƙarin ƙarfen da ka ɗaura.

Sannan hanya. A kwalta, Maradi zuwa Ɗan Isa, taya bibbiyu na rage lilo in kaya ya yi tsawo, wannan gaskiya ne. Amma da ka sauka yashi labari ya sauya. Sawun da motoci suka bari na taya ɗaya ne, taka ta waje za ta riƙa hawa gefen sawu tana yanka sabon yashi. Dabarar da ke fitar da 79 ita ce rage iska, a taya bibbiyu kuwa kana ragewa cikinsu zai kumbura su goge juna su yi zafi, don ratar ba ta wuce yatsu biyu ba. Dutse ko kututture in ya maƙale a tsakani, duka biyun yake yagewa. Kuma pon na bayan 79 daga 2007 ya fi na gaba ƙunci da 95 mm, sai an auna sosai kafin tayar ciki ta kuɓuta daga lam.

In dai safaya ce damuwar, ni a ganina a bar gaba da jantinta na asali, a ɗaura safaya ta biyu a bayan kabin, ya fi sauƙi da aminci. Sharaɗi ɗaya: tayoyin gaba da baya su zama girma ɗaya, cinsu ma kusan ɗaya, don 79 ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin pon biyu, in ka sa 4H, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, da tayoyi mabambanta akwatin giya ne zai biya. Ka kuma tambayi masu bizit, wato masu duba lafiyar mota, da kamfanin asiransinka (inshora) kafin a taɓa ƙarfe, kada ranar hatsari a ce an sauya ƙirar mota.

Makaniken Sabon Gari:

Malam direba ya faɗi gaskiya kan yashi. In Alhaji ya ci gaba da aikin, ga gwajin ƙarshe kafin a sauke jak: a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a zura hannu a ji ratar janti da kalifa, kada ta gaza 5 mm, a duba tiyon birki bai taɓa komai ba. A maimaita da taya ɗaya a kan tudu don ƙafar ta danne sama. Jantin Canter da yawa masu zobe ne, mai faci ya juya zoben ƙasa ko ya ɗaure shi da sarƙa kafin ya ba shi iska.