Allurar zafin mai ta taɓa ja, shin sansa ce ko inji?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum manya. Ƙaramin jirgin sama ne, Cessna 172, mai injin Lycoming O-320. Jiya da yamma matuƙi ya dawo yana cewa allurar zafin baƙin mai ta haura har ta taɓa jan layi, 245 a ma'aunin Farenhait. Amma fireshan mai, wato ƙarfin matsinsa, bai motsa ba, inji kuma lafiya lau yake kuka. Ina shirin rubuta odar sabuwar sansa, wato na'urar da ke jin zafin man a inji ta aika wa allura. Wace iri kuke ba da shawara?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye biron tukuna. Wa ya ce maka sansar ce ta mutu? Ka tambayi matuƙin: a hankali allurar ta hau, ko tsalle ta yi? Lita bakwai na baƙin mai ba sa yin zafi cikin ƙiftawar ido. In tsalle ta yi, je ka nemi waya. In hawa ta yi sannu a hankali, firesha kuma na sauka, to zafin gaske ne, kada jirgin ya sake tashi.

Ɗan Koyo: Baba, na kira shi yanzu. Ya ce tana kusa da 200, yana kunna fitilar sauka ta yi sama.

Mai Lantarki: To ai ta faɗi sunanta da bakinta. Waya nawa ne a kan sansar?

Ɗan Koyo: Guda ɗaya, Oga.

Mai Lantarki: Madalla. Mai waya ɗaya ta jikin inji wutarta ke komawa. Altaneta ma, wato janaretan da ke ba jirgi lantarki, jikin injin ne hanyarta, ta kakkaurar wayar nan da ta haɗa inji da gangar jirgi. Idan bakin wayar ya yi tsatsa ko ya saki, kana ƙara wa altaneta kaya sai a samu ɗan bambancin wuta tsakanin inji da ganga, geji kuwa, wato agogon da allurar ke ciki, bai san komai ba, sai ya karanta shi a matsayin zafi. Ka tayar da inji a ƙasa, ka ɗora mitar auna lantarki tsakanin jikin inji da ganga, wani ya riƙa kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ka kula da farfela don Allah, ka ja wayoyin mitar zuwa cikin jirgi.

Hajiya Matuƙiya: Ni dai ta ɓangarenmu zan yi magana. Ko da na tabbata ƙarya geji yake yi, in na ga ja ina sama, rage ƙarfin inji zan yi, in ƙara kason fetur a cakuɗinsa da iska, in nemi fili mafi kusa. A hanga, rumfar gyaran jirage, ake gardama da allura.

Bakanike Daga Jos: Gaskiyarki Hajiya. Ƙanina, ko ka gyara wayar ka dafa sansar, don hankalinka ya kwanta. Ka kwance ta, ka bar wayarta a haɗe, ka maƙala wata waya daga jikinta zuwa inji, ka tsoma bakinta kawai cikin tafasasshen ruwa, kada ta taɓa gindin tukunya. Sai dai kada ka ce lallai 212 za ka gani, wannan na bakin teku ne. Mu nan kan tudu ruwa na tafasa ne wajen digiri 96 na Salsiyos, a Kano da Zariya wajen 98, wato kusan 208 a gejinka. Na taɓa ganin yaro ya yar da lafiyayyiyar sansa saboda wannan 'yar tazarar.

Tsohon Injiniya: Kuma ku bambance su, don ba duka halinsu ɗaya ba. Irin MS28034-1 mai waya biyu, om ɗinta, wato ma'aunin turjiyarta ga lantarki, hawa yake da zafi: 90.38 a sifilin Salsiyos, kusan 129 a digiri 100. In wayarta ta tsinke allura sama take tafiya. Mai waya ɗaya akasari akasin haka ce, tsinkewa ta kwantar da allura, in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe ta cilla ta sama. Tsofaffin jirage ma babu lantarki a ciki sam, siririn bututu ne daga inji har geji, yana fashewa allura ta mutu. Shi ya sa ba a sayen sansa da ido, sai da lambar da ke littafin kayan jirgin. Sansar wani geji a kan wani geji ƙarya za ta yi ta yi maka da fuska a sake.

Mai Lantarki: Kada kuma a naɗa farin tef na masu famfo a zaren mai waya ɗaya. Ka toshe mata hanyar wuta ke nan.

Bakanike Daga Jos: Tunda murfi a buɗe yake, haska tocila cikin lagireton mai, wato abin da ke sanyaya shi. Ƙurar hunturu na cushe shi, zanzaro kuma na son gina ɗaki a wurin in jirgi ya kwana biyu a ajiye. Ka duba robobin da ke tare iska a kan silinda, ko sun lanƙwashe baya. Lycoming na son mai wajen 180 na Farenhait, kai kuwa ka ce 200 tun kafin fitila. Ga bawul ɗin Vernatherm, shi ke tura mai lagireto idan ya kai wajen 185. In bai zauna daidai ba, mai zai riƙa zagaye lagireton.

Hajiya Matuƙiya: A zafin Afrilu 200 wajen hawa ba abin mamaki ba ne dai, Malam.

Bakanike Daga Jos: Haka ne, amma dubawa ba ta cin kuɗi.

Ɗan Koyo: Manya, na dawo. Notin wayar gangar da yatsa na juya shi, ƙarƙashinsa fari fat da tsatsa. Mun goge, mun ɗaure. Sansa ta nuna 207 a tukunya. Ɗakin zanzaro biyu na ciro daga lagireto. Yanzu ko duk fitilu a kunne allura ba ta ko motsi. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya: Amin. Sabuwar washa ta tagulla ka sa ko tsohuwar ka mayar? Ka ɗaure sansar da wayar kulle, ka sake tayar da inji ka duba yoyo, sannan ka kai wa mai lasisi ya gani ya sa hannu a littafi.

Ɗan Koyo: Tsohuwar na mayar, Baba. Bari in koma hanga.