Neman kalmar Hausa: me za mu kira "tone" a nazarin ƙagaggen labari?

'Yan'uwa masu nazarin adabi, akwai kalmar Turanci da ke ba ɗalibai wahala, wato "tone". Abin da ake nufi da ita shi ne yadda marubuci yake kallon abin da yake ba da labarinsa, ko yana girmama shi, ko yana ƙyamarsa, ko yana tausaya masa, ba tare da ya fito fili ya faɗa ba. Kalmomin da ya zaɓa su ke tona shi.

Inda abin ya fi fitowa sarai shi ne wajen maganar dukiya. Ku dubi waɗannan jimloli biyu:

"Allah ya buɗa masa, ya gina gida, ya tara iyalinsa cikin rufin asiri."

"Ya wawuri abin duniya, ya danƙara gida, ya jibge motoci a harabarsa."

Mutum ɗaya ne, gida ɗaya ne, kuɗin ma ɗaya ne. Amma jimla ta farko ta mai da dukiyar baiwa, ta biyu ta mai da ita ganima. "Gina" aiki ne na mai buƙatar matsuguni, "danƙara" kuwa na mai son a gani ne. "Jibge" ma da kaya marasa daraja aka san ta, shi ya sa da ta hau kan motoci sai ta zubar musu da ƙima. Haka yake tsakanin "tattali" da "rowa", tsakanin "kyauta" da "facaka", tsakanin "mawadaci" da "ɗan jari-hujja".

To, me za mu kira wannan?

Wasu na cewa karin sauti. Wannan kam ban yarda da ita ba, domin masana harshe sun riga sun ba ta aiki: hawa da saukar murya da ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Salo ya yi faɗi, ya haɗa har da tsarin jimla da adon harshe. Jigo saƙon littafi ne baki ɗaya. Yanayi ya fi dacewa da abin da mai karatu yake ji a ransa. Ra'ayi ta matso kusa, sai dai ra'ayi furta shi ake yi, wannan kuwa a ɓoye yake cikin kalma.

Ni abin da nake gabatarwa shi ne launin murya. Kowa ya san cewa ana gane fushin mutum ko jin daɗinsa daga muryarsa tun kafin a fahimci maganarsa. Marubuci ma yana da murya a kan takarda, kuma zaɓen kalmomi ne ke rina ta. Kalmar tana da sauƙin shiga jimla: "launin muryar marubucin game da attajirai na ƙyama ne", ko "launin muryarsa ya sauya a babi na 7 da tauraron ya talauce".

Abu ɗaya da nake roƙon malamai su jaddada wa ɗalibai: idan wani a cikin labarin ya kira attajiri ɓarawo, wannan bakin ɗan wasan ne. Launin muryar marubuci ana nemansa ne a inda mai ba da labari da kansa yake siffanta gidan, da tufafin, da yadda attajirin yake miƙa kuɗi ga wanda ya zo neman taimako.