Abin da na tsinta a hirarmu kan kalmomin nazarin waƙa

To ga dai shawarwarin da aka fi nanatawa. Kar ka haddace ma'ana kawai, kowace kalma ka nemo mata baiti ɗaya da ka sani, shi zai cece ka ranar jarrabawa. An daɗe sosai kan kamantawa da siffantawa don nan ɗalibai suka fi ruɗewa, in ka ga kalmar kamar ko tamkar ko awa to kamantawa ce, in kuwa an ce sarki zaki ne kai tsaye wannan siffantawa kenan. Wata daga cikinmu ta tunatar cewa jigo, wato babban saƙon waƙa, kalma ce ta rubutacciyar waƙa, a waƙar baka malamai da yawa turke suke cewa, ni ma nan na fi karkata gaskiya. Amsa-amo kuma, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layuka, a raba babba, na ƙarshen kowane baiti, da ƙarami, na cikin baiti, sannan a ƙirga ɗango, wato layukan baiti, kafin a ce waƙa ƙwar biyu ce (layi biyu a baiti) ko ƙwar biyar.