Zan kai amarya Kwatano ta ga teku, wa ya san hanya?

Angon Argungu:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nika nema. Bayan ƙaramar salla in sha Allahu za a ɗaura mani aure, to ita amaryar tun muna zance take cewa ba abin da taka so irin ta ga teku da idonta ba a waya ba, ni kuma bakina ya yi saurin cewa an gama. Yanzu ga shi abu ya matso. Legas cunkosonta nika tsoro ga tsadar masauki, wani abokina ya ce in nufi Kwatano ya fi kwanciyar hankali. Kwana biyar gare ni duka-duka har zuwa da dawowa. Ta ina ya fi sauƙi, in sauka Legas in shiga ta iyakar Seme ko in bi ta nan wajenmu? Kuma ban da bakin ruwa mi za mu gani? Ruwa dai ba ni tsoro nai, a gulbin Matan Fada na koyi iyo.

Alhaji mai gwanjo, Kamba:
Allah shi sanya albarka ango. Wagga hanya na bi ta har na gaji da ƙirga. Mi zai kai ka Legas alhali Benin na nan bayan gidanku, ta Bagudo akwai iyaka biyu, ta Lolo wadda ka fid da kai kusa da Malanbil, da ta Tsamiya wadda ka faɗa Segbana. Ko wace ka bi Kandi za ka ɓulla, daga nan Faraku, Dasa, Bohikon, Alada, Kalabi sai Kwatano. Daga Malanbil sama da kilomita 700 ne, wuni guda cur cikin bas, don haka kada kowa shi ruɗe ka da cewa kusa ne. Amma har Faraku ba ka jin baƙunta, ga masu Hausa ga masu Dandanci ko'ina. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, kai da ita, da katin rigakafin shawara wanga mai ruwan ɗorawa, biza kam ba a tambaya. Ka canza sefa tun a iyaka kuma ka ƙirga da hannunka gaban mai canjin, ni an taɓa yi mani ninkin takarda sai da na isa Kandi na ga jika uku sun yi ɓatan dabo. In ka isa ka ce a kai ka Zango, nan ne unguwar mutanenmu, ga masallaci ga tuwo ga masu tsire, ba ka tunanin wa ya yanka naman. Kabu-kabunsu zemijan suka ce mai, masu riga ruwan ɗorawa da lamba a baya, ku gama ciniki kafin ka hau.

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Ango ka ba ni dariya wallahi, wai a Matan Fada ka koyi iyo. Ni cikin kwalekwale anka haife ni kusan, Kwara tun ina tsirara nika ƙetare ta, amma ranar da na tsaya bakin teku a Fijirose na san ruwa suna ya tara. Gulbi ka san inda ya nufa, gefe guda yaka tafiya. Wanga kuwa zuwa yaka yi shi mare ka sannan shi koma da ƙarfi, kuma komawar ita ce matsalar, rairayin da ka taka zarewa yaka yi ƙarƙashin ƙafarka kamar ana jan tabarma. Ruwa iya gwiwa kawai na shiga ina ɗaukar bidiyo, igiya guda ta zo ban san lokacin da na zauna ba, na tashi babu takalmi ɗaya, waya kuma ta sha gishiri ba ta ƙara kunnuwa ba. Su kansu 'yan garin za ka ga sun cika bakin ruwa ran Lahadi amma ƙalilan ka shiga ciki. Ku zauna ƙarƙashin bukka ku sha ruwan kwakwa ku kalla, ya isa.

Abin da nika so kada ka bari shi wuce ka shi ne Ganbiye. Gari ne sukutum bisa ruwa a tabkin Nokuwe, daga Kwatano ka hau mota zuwa Kalabi, nan aka shiga jirgin ruwa. Gidaje duk bisa turaku sunka tsaya, kasuwarsu mata ne cikin kwalekwale kowa da tumatir ɗinta da itacenta da kifinta suna gogar juna ana ciniki, yaro ɗan shekara bakwai shi kaɗai yana tuƙi zai tafi makaranta. Har masallaci akwai. Tarihinsu shi ne kakanninsu, Tofinu, gudun mayaƙan Dahome masu kamun bayi sunka yi, su kuma mayaƙan al'adarsu ta hana su bin mutum cikin ruwa, sai mutanen sunka kafa gari inda ba a iya cim masu. Ni abin da ya tsai da ni shi ne dabarar kamun kifinsu, akaja suka ce mata. Rassan itace suka kafawa cikin tabki su yi kamar shinge mai faɗi, ganyen na ruɓewa kifi na taruwa yana ci yana hayayyafa a ciki, in lokaci ya yi a zagaye wurin da taru a kwashe. Kowane fili da mai shi kamar gona. Na daɗe ina kallo har mai jirgin ya fara tsaki, ina ta tuna tsohona da ya ƙare rayuwa tai yana bin kifi, ga wasu sun sa kifi na bin su. Ku tafi da sassafe, kuma kada ka ɗauki hoton matan nan ba ka tambaya ba, ba su so.

Maman 'yan biyu, Birnin Kebbi:
Ku maza kuna ta lissafin hanya ba wanda ya tuna yarinyar mutane. Alhaji kai ka saba, ita fa daga hidimar biki za ta fito, ka ɗora ta bas wuni guda zuwa wuni guda dawowa, saura kwana uku me za ta gani ban da ciwon baya? Ƙanena ka nemi ko kwana bakwai ne, ku kwana Faraku a hanya. Kuma ka dubi wata, Yuni ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa, mu a Disamba muka je. Zafinsu ba irin namu ba ne, rana ba ta ƙuna sosai amma zufa ba ta bushewa, ka shanya zane ya kwana da damshi, ta bar leshi masu nauyi a gida.

Mun je Wida, kamar kilomita 40 yamma da Kwatano. Akwai hanyar da aka riƙa kora bayi daga cikin gari zuwa bakin teku, wajen kilomita 4, a ƙarshenta an gina wata babbar ƙofa a 1995 da suke kira ƙofar da ba a dawowa. Na je da surutuna na dawo shiru. Ɗakin mesa kuma da ke tsakiyar gari, inda suke rataya wa baƙi maciji a wuya a yi hoto, wai ba ya da dafi, maigidana ya shiga ni ko ƙofar ban taka ba, na tsaya waje ina salati. Wurin tsafinsu ne dai, ka sani kafin ka je. In kun zo Alada a hanya ku sayi abarba, doguwa ce cikinta fari-fari, zaƙinta har ya yi yawa. Atamfa kuwa in ka bari ta shiga kasuwa a Kwatano da kuɗin mota a hannu to a ƙafa za ku dawo.

Malamin firamare, Jega:
In lokaci ya ragu ku leƙa Fotonobo, ita ce babban birnin ƙasar ba Kwatano ba, kilomita 30 da ɗan wani abu. Babban masallacinsu na da in ka hango sai ka rantse coci ne, ga launi kala-kala, ginin zuriyar bayin da suka dawo daga Barazil ne.

Angon Argungu:
Na gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Yaya na ji faɗanki, zan roƙi oga ƙarin kwana biyu. Na karanta mata duka, Ganbiye ta ce ko da kuɗin lefe ne sai ta je, maciji kuma ta ce in na kuskura a Wida za a raba auren. Alhaji katin shawaran nan nawa ya ɓace tun bara, ana karɓar hoton shi a waya?

Alhaji mai gwanjo, Kamba:
Kada ka fara. Ka je a yi maka sabo tun yanzu, ita ma a yi mata, allurar sai ta kwana goma kafin katin shi fara aiki.