Shawarwarin da muka tattara kan kuɗin gyaran unguwa

Tun da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye, tattaunawarmu ta koma kan yadda unguwa za ta sa baki. Yawancin mutane sun ce a fara da kansila tun kafin a tsara kasafin kuɗi. Mai unguwa, limamai, mata da matasa su zauna su tsayar da aiki guda, magudanar ruwa ko rijiyar burtsatse, a miƙa a rubuce. Ni ma ra'ayina ke nan, domin dogon jerin buƙatu ya fi sauƙin watsarwa. Wasu sun tuno da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Da ita za a nemi sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin.