Narkar da feftayid da adana shi a inda wuta ba ta tsayawa

Ɗalibar digiri na biyu, Kawo:
Assalamu alaikum malamai. Feftayid (gajeren jerin amino asid, wato tubalan furotin) ya iso a busasshen gari, miligiram 1, nauyin ƙwayarsa giram 1,500 a kowane mol. Za a gwada shi a kan ƙwayoyin halitta tsawon wata uku. Da me zan narkar da shi, kuma yaya zan adana, ga yadda ake ɗauke wuta?

Malamin baiyokemistiri, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Malama. Kada ki buɗe kwalbar da sanyinta. Bar ta minti 30 cikin mazubi mai silika jel ta huce, musamman da damina, don garin yana zuƙar laima nan take ya dunƙule. Ki juya ta a santirifuj (na'ura mai juya samfuri da sauri) kaɗan, abin da ya manne a murfi ya sauko.

Sannan ki duba jerin amino asid ɗin. Kowane harafi amino asid ɗaya ne, sai ki lissafa cajin lantarkinsu: K, R da H kowanne ƙari ɗaya ne, D da E ragi ɗaya, ki haɗa da cajin bakunan jerin biyu. Ko me ya fito, da tataccen ruwa marar ƙwayar cuta ake farawa. Idan ya ƙi kuma ƙari ya rinjaya, ɗiga asetik asid mai kashi 10 cikin 100. Idan ragi ne, amoniyam bikabonet 0.1 M. Wanda ya cika da L, I, V da F, masu ƙin ruwa, sai DMSO (wani sinadarin narkarwa) kaɗan, kamar maikirolita 50, daga nan a riƙa ɗiga shi cikin bofa (ruwan da ke daidaita pH, wato ma'aunin tsami) ana motsawa. Kada ki fara da PBS (bofa mai gishiri), gishirin yana sa shi ya yi gari-gari a ƙasa. Ɗaga kwalbar a haske: in kin ga duhu-duhu kamar ruwan koko, bai narke ba.

Ɗalibar digiri na biyu, Kawo:
Na gode Malam. Akwai M guda ɗaya a jerin.

Malamin baiyokemistiri, Unguwar Rimi:
To ki guji DMSO, yana lalata amino asid M (metiyonin) da C (sisteyin). Asetonaitiril ko DMF (su ma sinadaran narkarwa ne) ya fi, amma ki tsarma sosai kafin ya taɓa ƙwayoyin, kuma ki ware rijiya ɗaya a farantin gwaji da aka zuba wa ruwan narkarwar kaɗai don kwatance.

Mai kula da ɗakin gwaji, Barnawa:
Ƙanwata, miligiram 1 ɗin nan ba duka feftayid ba ne, akwai ruwa da gishirin TFA (asid ɗin da ake amfani da shi wajen haɗa feftayid) a ciki. Duba takardar da ta zo da shi. Idan ta ce feftayid kashi 80 ne cikin 100, miligiram 0.8 ke nan, wato maikiromol 0.533, sai maikirolita 533 ya ba ki 1 mM. Wanda ya zuba maikirolita 667, kamar duka miligiram 1 ɗin feftayid ne, ya tsinke shi bai sani ba.

Maganar adanawa kuwa, daskarewa da narkewa a kai a kai ita ce ke kashe shi. Ki rarraba maikirolita 20 ko 25 a ƙananan tub waɗanda furotin ba ya manne musu, kowanne na gwaji ɗaya, wanda ya narke ba ya komawa firiza. A rubuta suna, ƙarfi da kwanan wata. Sanyin digiri 80 na Salshiyos ƙasa da sifili ya fi, digiri 20 ƙasa da sifili zai riƙe na wasu makonni. pH ya tsaya tsakanin 5 da 6.

A samu firizar kwance mai inbata ko sola, ba mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba. Akwatin tub ɗin ya zauna can ƙasa, robobin ƙanƙara kewaye da shi. Daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ɗora kwabo a kai, ajiye kusa da akwatin. Ranar da kika tarar da kwabon a ƙasan kofi, firizar ta saki, sai a sake auna samfurin kafin a ci gaba.